Yadda muka koma lantarki a tsakiyar sanyin Winnipeg

Jama'a duk wanda ya ce muku sanyin Jos sanyi ne ku ce ya zo Winnipeg ta ƙasar Kanada a watan Disamba, garin da har mota sai an jona ta da wuta ta kwana kafin ta yarda ta tashi da safe. To ana cikin wannan halin ne injin ɗumama gidanmu mai aiki da gas ya fara wani irin gurnani a ɗakin ƙasa. Na kira mai gyara, bawan Allah ya haska tocila ciki ya girgiza kai, wai ƙarfen da wutar ke ci a cikinsa ya tsage, hayaƙin nan marar wari mai kisa zai iya bin iska ya shigo ɗakuna. Ya rataya masa jan kati, ya kulle gas ɗin, ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa. A waje sanyi digiri 22 ƙasa da sifiri.

Ni kuwa sai na ga faɗuwa ta zo daidai da zama, don dama na daɗe ina cika baki bayan sallar Juma'a cewa wutar Manitoba, jihar da Winnipeg take ciki, kusan duk daga madatsun ruwa take, tana cikin mafi araha a Kanada, me zai sa mai hankali ya zauna yana ƙona gas? Na ce wa uwargida lantarki za mu koma. Ta ce "Abban yara, yau ko gobe?" Na ce in sha Allahu.

Wanda zai haɗa mana ya zo yana ta bayani, wai abin da zai saka mana na'urar AC ce amma mai aiki a juye, tana tsamo zafi daga iskar waje ta turo cikin gida. Na leƙa taga na dube shi na ce wane zafin? Ya dage akwai, sai dai in sanyi ya kai 25 ko 30 ƙasa da sifiri tana gajiya, dole a haɗa mata da hita ta waya mai cin kilowat 15. Mai gyaran wuta kuma yana buɗe akwatin bireka ya yi fito, amp 100 ne gaba ɗaya gidan, ita hitar kaɗai za ta sha sama da 60, ga murhu ga injin busar da kaya. Sai an canja akwatin zuwa 200, sai an karɓo takardar izini, sai an zo an duba aiki. Mako mai zuwa, in ji shi, yana murmushi saboda shi gidansa da ɗumi.

Haka na kwaso ƙananan hita daga kanti muka tattaru a ɗaki ɗaya. Ashe kowace wat 1500 take ja, layin ɗakin kuma 1800 ne iyakarsa, ina jona ta biyu sai ɗif, duhu. Wallahi ban san lokacin da na ruga taga ina duba ko maƙwabta na da wuta ba, har da tambayar wa ya ga ashana. Yaran da aka haifa a nan suna ta kallona, ƙaramar ta ce "Abba duniya ce ta tashi?" Na gangara ɗakin ƙasa da jallabiya a kan jaket, safa kan safa, ina laluben bireka haƙora na haɗuwa. Daga ranar uwargida ta zama mai rabon wuta, duk mai son shayi ko guga sai ya yi shela a kashe hita tukuna, famfuna kuma an bar su suna ɗiga dare da rana kar ruwa ya daskare ya fasa bututu.

Hajiya ta kira ta bidiyo daga Kano ta gan ni da hular sanyi a ƙarƙashin zanna bukar, lulluɓe da bargo. "Kai yanzu duk garin nan babu gawayi? Ku hura kasko mana." Na ce Hajiya gidajen nan a toshe suke ruf, in muka kwana da gawayi sai dai ki ji labari. Ta yi shiru, ta ce to Allah ya kyauta, ita dai tunda take ba ta taɓa jin inda mutum ke biyan kuɗi ya sayi wahala ba.

An dai gama aiki, ɗumi ya dawo, na koma majalisa ina baza ilimi. Ƙarshen wata sai ga takardar kuɗin gas ta iso, don tankin ruwan zafi har yanzu da gas yake aiki, ga kuma kuɗin layi da ake biya duk wata ko ka ƙona ko ba ka ƙona ba. Uwargida ta ajiye min ita kusa da shayi ta ce "Abban yara, matar da ka saka ce ta aiko, wai kuɗin ciyarwa."