Masu ƙididdiga, ku wuce zaure ku tambayi uwargida

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kullum maganar ɗaya ce, gyara ake yi a ƙara haƙuri. To mun ji, amma da me za a gane ko maganin na aiki ko majinyacin yake ƙarasawa? Sai fa an bi gida gida an ji me aka ci, nawa aka kashe a kemis, yaro nawa aka cire daga makaranta.

Wannan aikin binciken rayuwar gidaje ba sabo bane, Bankin Duniya ya faro tsarinsa tun 1980, aka gwada a Kwaddibuwa a 1985, shekara guda kafin Babangida ya kawo mana SAP, shirinsa na gyaran tattalin arziki. Nan gida hukumar ƙididdiga ta NBS ta yi nata a 2018 zuwa 2019, ta ce kashi 40 cikin 100 na ƴan ƙasa, kusan mutum miliyan 83, abinda kowannensu ke kashewa bai kai naira 137,430 a shekara ba. Ko 400 a rana bata cika ba kenan, yau a shiga kasuwar Sabon Garin Zariya da ita a ga me zata sayo.

Ni inda abin ke damuna shine wa ake tambaya. Ma'aikaci namiji ya zo cikin birni ko Tudun Wada da kwamfutar hannunsa, iyakarsa zaure, maigida ya fito, Bazazzage kuwa wallahi ko ba a hura wuta ba jiya bazai gaya ma baƙo ba, Alhamdulillahi zai ce, akwai rufin asiri. Wani kuma ya ɗauka rajistar tallafi ce ya rantse ko kaza bashi da ita. Alhali uwargida na ciki, ita ta san tiya ta koma rabi, ita ta san ranar da ta fasa zubin adashi ta saida kwanukan jerenta aka sayo masara.

Ga kuma lokaci. Amsar manomin Giwa ko Soba da kaka daban take da ta watan Agusta, sanda rumbu ya yi ƙasa.

Muna da ƴan mata da suka gama ABU suna zaune ba aiki, sun iya Hausa, sun san yadda ake sallama a shiga gidan mutane. A ɗauke su a horar da su, mai unguwa ya riga su yin bayani cewa ba haraji bane ba rabon kuɗi bane, su dawo gidan nan dai da damina su kuma dawo da kaka.