Shekarar da Kenya ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kurket

Jiya da daddare wani ƙanena ya turo mini tambaya: wai shin baƙar fatar Afirka sun taɓa yin abin a zo a gani a wasan kurket, ko wasan Turawa da Indiyawa ne kawai? Na ce masa ya nemi labarin Kenya a 2003, shekarar da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya. Can sai ga shi ya dawo, ya ce: "Yaya, na duba, an ce sa'a ce ta kai su." Wannan magana ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna yin wannan rubutu.

Ga wanda bai san wasan ba: a kurket na yini ɗaya kowace tawaga tana da 'yan wasa 11, kuma ana jefo mata ƙwallo sau 300, wato zango 50 mai jifa shida-shida. Masu bugu suna tara gudu, masu jifa suna ƙoƙarin fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Da mutum goma sun fita, ko jifan ya ƙare, sai a yi musanya. Wanda ya fi tara gudu shi ya ci.

Gasar cin kofin duniya ta 2003 ita ce ta farko da aka yi a Afirka. Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Kenya ne suka karɓi baƙunci, ƙasashe 14 suka fafata, daga 9 ga Fabrairu zuwa 23 ga Maris. Na kalli yawancinta a gidan wani Ba'indiye da muke aiki tare a lokacin, shi ya koya mini ƙa'idojin wasan tun daga tushe. Ostireliya ce ta ɗauki kofin, ta zuba wa Indiya gudu 359 a wasan ƙarshe a Johannesburg, kyaftin ɗinta Ricky Ponting shi kaɗai ya yi 140. Wannan kowa ya sani. Ni abin da ya zauna mini shi ne Kenya.

Bari in fara da gaskiyar masu cewa sa'a ce, don suna da hujja. Niyuzilan ta ƙi zuwa Nairobi saboda tsoron tsaro, watanni kaɗan bayan harin da aka kai wani otal a Mombasa a Nuwamban 2002, sai aka ba Kenya makin wasan ba tare da an jefa ƙwallo ba. A rukunin da Kenya take, ruwan sama ya ɓata wasan West Indies (haɗaɗɗiyar tawagar ƙasashen Karibiyan) da Bangaladesh aka raba maki. Afirka ta Kudu, ita ma a rukunin, ta yi kuskuren lissafin gudun da take buƙata a Durban ana ruwa, ta yi canjaras da Siri Lanka, ta fice daga gasar a gidanta. Duk waɗannan sun share wa Kenya hanya. Ban musa ba.

To amma ranar 24 ga Fabrairu fa? A filin Gymkhana na Nairobi, Kenya ta tara 210, Kennedy Otieno ya yi 60. Adadi ne da ake ganin Siri Lanka, zakarun duniya na 1996, za su cinye kafin la'asar. Sai aka miƙa ƙwallo ga ƙanen Otieno, Collins Obuya, yaro ɗan shekara 21 mai jifan da ke murɗewa idan ya taɓa ƙasa. Ya fitar da mutum biyar, gudu 24 kacal aka samu a kansa. Siri Lanka ta ƙare a 157. Ba ruwan sama, ba kyautar maki. Har yau ina ganin 'yan wasan nan suna zagaya filin da tutarsu, mai gidan da nake kallo a wurinsa ya miƙe tsaye yana tafa musu. Sun doke Kanada, sun doke Bangaladesh wadda aka ba cikakkiyar kujera a hukumar kurket ta duniya tun 2000 su kuwa aka hana su, sannan a zagaye na biyu suka tattara Zimbabuwe a 133 suka wuce abinsu.

Kuma ba wannan ne karon farko ba. A gasar 1996, a birnin Pune na Indiya, Kenya ta tara 166 ta fitar da West Indies kaf a 93, alhali shahararren mai bugu Brian Lara yana cikinsu. Wanda ya kayar da ƙato sau ɗaya a ce tuntuɓe ne. Sau biyu kuwa ai sai a yarda ya iya kokawa.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne Aasif Karim. Dattijo ne a lissafin 'yan wasa, shekararsa 39, ya riga ya yi ritaya aka roƙe shi ya dawo. A Durban, gaban Ostireliyar da ba wanda ya iya kayar da ita a gasar baki ɗaya, ya yi jifa 50, gudu 7 kawai suka samu a kansa, ya fitar da mutum uku har da Ponting. Kenya ta sha kashi a wasan, amma shi aka ba kyautar gwarzon ranar. A wasan kusa da na ƙarshe, ranar 20 ga Maris, Indiya ta yi 270, Sourav Ganguly ya yi 111, Kenya ta tsaya a 179. Kyaftin Steve Tikolo ya yi 56. Sun fita da mutuncinsu.

Abin da ya biyo baya ne ke sa ni takaici. Tawagar da ta shiga sahun huɗu na duniya kamata ya yi a buɗe mata ƙofa, manyan ƙasashe su riƙa zuwa Nairobi, ita ma a riƙa gayyatarta. Sai aka bar ta tana zaman jiran wasa, domin manyan sun fi son karawa da junansu, can ne kuɗin talabijin yake. Ɗan wasa ba ya gogewa a zaune. Su ma 'yan Kenya ba zan wanke su ba. Shugabannin wasan sun shiga rigimar mulki da kuɗi, 'yan wasa suka yi yajin aiki kan haƙƙinsu, kuma a 2004 aka dakatar da Maurice Odumbe, kyaftin ɗin 1996, na shekara biyar saboda karɓar kuɗi daga mai harkar caca. Ga kuma rauni na asali: tawagar ta dogara ne kan gidaje ƙalilan, su Tikolo da su Obuya da su Suji, yaran da suka tashi a gefen kulob-kulob na Indiyawan Nairobi. Ba a kai wasan makarantu da ƙauyuka yadda za a samu masu gado ba.

Ina ɗora kaso mafi girma na laifin a kan masu riƙe da wasan a duniya, don su ke da kuɗi da jadawali a hannu. Da suka ga dama ai sun ja Afganistan da Ayilan har suka ba su cikakkiyar kujera a 2017. Su ɗin ne kuma suka rage gasar 2019 zuwa ƙasashe goma, yadda ƙaramar ƙasa ba za ta ma samu filin da za ta ba da mamaki ba.

A gasar 2011 Kenya ta buga wasa shida ta sha kashi a duka. A farkon 2014, a wasannin neman gurbi da aka yi a Niyuzilan, ta rasa matsayinta na buga wasannin yini ɗaya na ƙasa da ƙasa. Cikin waɗanda suka buga mata a wannan karon har da Steve Tikolo, yana da shekara 42, an sake kiran sa daga ritaya saboda babu matashin da zai tsaya a gurbinsa. A 2027 gasar za ta dawo Afirka, kuma masu masaukin baƙi su ne Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya.