Malam, da gemunka ka kai iyali bakin teku?

Asabar ɗin da ta wuce na ɗora hoton ƙafafun 'ya'yana cikin yashi a WhatsApp, ko fuskarsu ban nuna ba. Kafin la'asar sai ga saƙo daga wani ɗan'uwa da ke karatu a Lefkosha, babban birnin Saifurus: "Haba Malam, da gemunka ka kwashi iyali ka kai su wurin tsiraici?" Ban ji haushinsa ba, don ni ma shekara biyu cur a kan wannan ra'ayin nake. Shi ya sa na ga gara in amsa a fili.

Shekarata ta uku ke nan a Famagusta, gabashin tsibirin Saifurus, ɓangaren Turkawa da ya rabu da kudu tun 1974. Shi ne tsibiri na uku a girma a Bahar Rum, bayan Sisili da Sardiniya, duk inda ka miƙe teku za ka tarar. Amma uwargida ba ta san komai a garin ba sai ɗaki da falo, kanti, sai masallacin Lala Mustafa Pasha ranar Juma'a. Ni ina fita jami'a, ina ganin mutane. Ita tana tsakanin bango huɗu da yara biyu, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga, babu biki babu suna. A Kano kulle yana da daɗin zama saboda gida cike yake da mutane. A nan kuwa sai ke da firji.

Wurin da muke zuwa sunansa Glapsides, 'yan mintuna ne a mota daga gari, a kan hanyar kufan tsohon birnin Salamis. Gaɓar tana kallon gabas, a inda teku ya shigo cikin ƙasa kamar baka, don haka da safe ruwan a kwance yake lif, kamar an zuba a faranti. Za ka yi ta tafiya a ciki, ka waiwayo ka ga tabarmarku ta yi nisa, amma ruwan bai wuce ƙugunka ba. Kana ganin yatsun ƙafarka, da ƙananan kifaye suna kewaya su. Wanda ya san tekun Legas kaɗai ba zai yarda ba. Bahar Rum kusan rufaffe ne, ƙofarsa zuwa Atlantika a Jibralta ba ta fi faɗin kilomita 14 ba, shi ya sa ba ya cika yana janyewa sosai kamar na can. Rana kuma tana shanye ruwan fiye da abin da koguna ke zubawa, gishirinsa ya yi yawa, mutum ya fi saurin tasowa sama.

Muna sallar asuba muke shiri, ƙarfe bakwai muna can. A wannan lokacin ba kowa sai tsofaffin Turkawa masu iyon safe. Ranar farko ƙaramin, mai shekara huɗu, ya ƙanƙame gemun nan da ake min gori da shi, yana ihu kamar za a yi masa allura. Bayan rabin awa da ƙyar aka ciro shi. Yayarsa kuwa na sa tafin hannuna a bayanta, na ce ta kalli sama ta saki jiki. A hankali na zare hannun ba ta sani ba, tana kwance a kan ruwa tana cewa, "Abba kar ka sake ni," alhali na daɗe da sakinta. Uwarta tana gefe tana dariya har da hawaye. Rabon da in ji wannan dariyar tun muna gida.

Kuskure mun yi shi. Uwargida ta fara shiga da dogon hijabi, ya sha ruwa ya yi nauyi ya naɗe mata ƙafafu, da wuri mai zurfi ne da labari ya canja. Wata dattijuwa ce ta nuna mata irin rigar da matan Turkiyya masu lulluɓi ke sawa, hashema suke ce mata, daga kai har idon sawu, kuma ba ta riƙe ruwa. Ita ce dai ta miƙo mana kankana da cukunsu hellim, mai gishiri, yana ƙara a haƙori. Da na ga haɗin na yatsina fuska, yanzu ni ke saye. Dambun naman da aka aiko mana daga gida kuwa iska ta cika shi da yashi, muka ci a haka, wa zai zubar? Na kuma koyi cewa baƙar fata ma rana tana ƙona ta, kafaɗuna sai da suka yi saɓa.

Ɗan'uwana bai yi ƙarya ba. Daga ƙarfe goma sha ɗaya wurin yakan canja, a kunna kiɗa, a fito da giya, tufafi su ƙare. Mu kafin nan mun naɗe tabarma, dama zafin Agusta ba ya barin mai hankali ya kai azahar. Amma ina da tambaya. Irin shigar da yake gudu, ba ita yake gani kullum a harabar jami'a da cikin bas da layin biyan kuɗi a kanti ba? Bai fasa zuwa aji ba, yana runtse ido ya wuce. Sai ranar da aka ce matarsa ma ta fito ta sha iska, sannan tsoron Allah yake motsawa. Wannan ba kishi ba ne kaɗai, akwai ƙyuya a ciki. Tashi da asuba, haɗa kaya, tsayawa cikin ruwa awa biyu kana gadin yara aiki ne, cewa "haramun" kuwa ba ya cin ko sisi.

A wannan tsibirin fa kabarin Ummu Haram bintu Milhan yake, kusa da Larnaka, a wurin da Turkawa ke kira Hala Sultan. Mace ce, ita da bakinta ta roƙi Manzon Allah (SAW) ya yi mata addu'a ta shiga cikin masu hawa teku, ta kuma hau tare da mijinta Ubada bin Samit a zamanin Sayyidina Usman. Ban ce yawon shan iska suka zo ba, kar a yi min sharri. Cewa na yi magabata ba su ɗauki teku dodo ba. Kuma duk mun haddace maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar, a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, sai dai a baki ta tsaya. Duk damina kududdufi yana cin yaranmu. Ban manta da jirgin da ya kife a Bagwai a 2021 da ɗaliban Islamiyya ba. Ga ruwa mai tsabta iya gwiwa, Allah ya kawo ka bakinsa, ka koma gida da digiri da yaran da ba su iya kaɗa ƙafa ba?

Na ce wa ɗan'uwan nawa Asabar mai zuwa su kwana a wurinmu shi da madam, mu fita shida da rabi, akwai hashema guda da ba a taɓa sawa ba. Na ga alamar ya karanta tun jiya, har yanzu bai ce komai ba.