Shin Kiristoci sun ce aikin kirki ba ya da amfani?

A kasuwar Sabon Gari, a rumfar wani mai takalma, na sake jin maganar da ta daɗe tana damuna: wai Kirista ya yi abin da ya ga dama, tunda Yesu ya mutu domin zunubansa. Zaton yana da tushe, domin Manzo Bulus, a wasiƙarsa da ke cikin Littafi Mai Tsarki, ya rubuta wa Afisawa (Kiristocin birnin Afisa) cewa ceto kyauta ce ta alherin Allah ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba. Amma aya ta gaba, Afisawa 2:10, ta ce an halicci mai bi domin ayyuka nagari. Yaƙub kuma, a tasa wasiƙar da ke cikin Littafi Mai Tsarki, ya kira bangaskiyar da ba aiki matacciya.

Dubi mangwaron tsakar gida. Ba 'ya'yansa ne suka raya shi ba, saiwa ce. Amma in shekaru suka wuce ko fure bai yi ba, sai maigida ya fara zargin saiwar. Haka Furotesta, wato Kiristocin da suka rabu da cocin Katolika, suke kallon aikin kirki, shaida ce ta bangaskiya mai rai. Katolika sun ƙara cewa mutum yana ba alherin haɗin kai. Saɓanin ya yi zafi tun zamanin Martin Luther, malamin Jamus da ya fara tafiyar Furotesta, har sai da Katolika da Lutheran (mabiya koyarwarsa) suka sa hannu kan matsaya guda game da ceto a Augsburg ta Jamus a 1999.