Ranar da na shaida wa baturiya cewa duk gidanmu a buge muke

A unguwarmu ba kowa ya san sunana na yanka ba, Dogo ake ce mini. Tsawona ƙafa shida da inci huɗu. In zan shiga zauren surukaina sai na sunkuya ko ban yi niyyar gaisuwa ba, shi ya sa har yau suke yabon ladabina.

A 2018, 'yan watanni bayan gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, wata ƙungiya ta shirya bitar kwana uku a Kaduna kan shaye-shayen matasa. Kwamitin unguwa ya ce ni zan je, wai ni ne mai Turanci. Lissafi nake koyarwa a firamare, Turancina bai wuce na allo da alli ba, amma a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Na sa aka goge mini shadda, na kama hanya.

Mai jagorantar bitar wata dattijuwar baturiya ce daga Ingila. Ta ce kowa ya tashi ya faɗi sunansa da abu ɗaya da aka san shi da shi. Kafin layi ya zo kaina na gama lissafina. Kullum ina rubuta length da height a allo. Length daga long ya fito, height kuwa daga high. Tunda height ɗina ya fi na kowa a ɗakin, ai magana ta ƙare. Na miƙe, na gyara hula, na ce:

"In my area everybody knows me, because I am very high."

Ɗaki ya yi tsit. A teburin gefe akwai jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi su uku, na ga ɗaya ya ajiye biro ya ɗago kai. Baturiya ta matso kusa, ta sassauta murya kamar mai lallashin yaro, ta tambaye ni ko yanzu haka ma high nake. Na ce mata kullum a haka nake, safe da yamma, tun ina aji shida. Ganin ta ba ni hankalinta sai na ƙara bayani. Na ce abin gado ne, mahaifina ya fi ni, kuma ɗana mai shekara 14 ya riga ya fara, malamansa ma sun lura, nan da shekara biyu zai wuce ni.

Ta dafa ƙirji. Ta ce ta yi shekaru tana wannan aiki, ba ta cika ganin mai ƙarfin zuciya irina ba, a tafa mini. Aka tafa. Na ɗan rusuna dama da hagu, ina cewa a raina yau dai tsawo ya yi rana.

Lokacin shan shayi wani gajeren mutum, malamin Turanci daga Zariya, ya ja hannun rigata zuwa bayan ƙofa.

"Malam, tsakaninka da Allah, me kake sha?"

Na nuna masa kofi na ce shayi, ga shi ko sukari bai ji ba.

Sai da ya jingina da bango don dariya. Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Mutum tall yake. In ka ce mutum high ne, to ya yi caji ke nan, ya sha wiwi ko ƙwaya ya yi sama. Kai ka tsaya gaban hukuma ka ce kai da babanka da ɗanka duk a buge kuke."

Gumi ya karyo mini, amma ban sallama nan take ba. Na ce to height fa? Ya ce ita ce tarkon, don duka biyun take yi wa aiki. Tall na abu ne siriri da ya miƙe daga ƙasa, kamar mutum da giginya da hasumiyar masallaci. High kuma na dutse ne da katanga, ko abin da ya yi nisa da ƙasa ko da shi kansa ƙarami ne. "Ni ɗin nan da kake gani," in ji shi, "in na hau tankin ruwan otal ɗin nan, na fi ka zama a sama, amma ban zama tall ba." Ya ci gaba da lissafo mini inda kalmar ke nuna yawa ko matsayi: hawan jini, zafin zazzaɓi, farashi in ya yi tashin gwauron zabi, Babbar Kotu, har teburin manyan baƙi da ake kira high table. Wato katanga an yarda ta zama high, kuɗin buhun masara ma an yarda, ni kaɗai ne in na taɓa kalmar zan kwana a hannun hukuma. Mu da tsawo ɗaya muke auna mutum da igiya da wa'azi, ba mu taɓa rikicewa ba.

Da aka koma zama na ɗaga hannu na ce a gafarce ni, kuskure na yi, ni tall ne, ban taɓa zama high ba. Baturiya ta yi murmushin tausayi. Ta ce kada in ji kunya, da yawa sukan janye maganarsu bayan sun huta, wannan ma wani mataki ne na samun sauƙi. Aka sake tafa mini. Sauran kwana biyun duk misalin da za a kawo sai an waiwayo an dube ni, jami'in nan kuwa sau biyu yana tambayata makarantar da ɗana yake.

Ranar rufewa ta damƙa mini wata takarda a ninke, na cusa a aljihu ban duba ba. Uwargida ce ta tsinto ta za ta ba da wanki. Adireshin wata cibiyar gyaran hali ne, a ƙasa an rubuta da biro cewa in taho da mahaifina da yaron. Ita ta yi sakandare, ta karanta tsaf. Ta same ni a tsakar gida ina alwala, ta tsaya a kaina da takardar a hannu.

"Malam, kai da yaron mā yi magana anjima. Amma Baba, mai shekara 80, da carbinsa da goronsa, shi kuma me yake sha?"