Ranar da na tara jama'a saboda baro

Baro shida gare ni. Ba wata dukiya ba ce, amma su ke riƙe da gidana: da safe yara su zo su ɗauka, su wuni suna dakon albasa da shinkafa a kasuwa, da magariba su kawo mini balas. To wata Laraba ina teburin mai shayi na ji ana cewa kansilolinmu za su yi doka, duk mai baro ko amalanke sai ya yi rajista, a ba shi lamba, ya riƙa biyan kuɗi duk shekara. Shayin nan bai wuce mini maƙogwaro ba.

Na nufi wajen ɗan yayata mai karatun lauya, na ce ya faɗa mini inda aka ba kansila ikon taɓa baro. Yaron nan ya buɗe waya ya ce, "Kawu, ai tsarin mulkin 1999 ne ya ba su. Ga shi a Jadawali na Huɗu, cikin ayyukan ƙaramar hukuma: lasisin keke, kwale-kwale, baro da amalanke." Na ce ya sake karantawa. Ashe baro da sunansa yana cikin kundin tsarin mulkin Najeriya, ni mai guda shida ba na ciki. Ya ce hanya ɗaya ta rage: tunda dokar tana gaban majalisar kansiloli, ciyaman bai sa hannu ba, in rubuta wa shugaban majalisar in nemi a yi zaman jin ra'ayin jama'a. In kai takardar kwafi biyu wurin magatakarda, a buga mini hatimi a ɗaya in riƙe. Kuma in haɗa da sunayen mutane, don kada a ce ni kaɗai ke kuka.

Sunayen nan su suka kashe ni.

A shagon buga takardu aka ja mini layuka: suna, unguwa, lambar waya, sa hannu. Na sayi tawadar dangwale saboda waɗanda ba su rubutu. Ranar Juma'a bayan an sauko na kafa benci gindin darbejiya, na sa tabarau, na buɗe fayil. Kafin in gama gyara zama, layi ya kai bakin titi. Na ce a raina, Allah sarki, ashe haka mutanen garin nan ke ƙaunar masu baro.

Na manta a Kebbi nake. Tun 2015 da Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Anchor Borrowers, duk wanda aka gani da fayil da tawada yana ɗaukar sunaye, ba a tambayarsa me yake yi, layi ake bi. Balle bayan cire tallafin mai a 2023, da kowa ya kasa kunne yana jiran rabo. Wani dattijo dai ya tambaye ni, yana goge babban yatsa a gefen benci: "Malam, mi za a ba mu?" Ni kuma da yake na kwana ina jin kaina ɗan gwagwarmaya, na ɗaga murya na ce, "Haƙƙinku za a ba ku, Baba!" Aka yi kabbara.

Wasu sun miƙo mini kwafin katin NIN. Wani ya rubuta lambar asusunsa ta banki a gefe. Wani ma ya ƙara "hekta biyu, fadama" a ƙarƙashin sunansa. Duk na gani da idona, na ɗauka tsabar ƙwazo ne. Na tashi da suna 412. Da na kai, magatakarda ya juya shafukan, ya dube ni, ya sake juyawa, ya buga hatimi har da miƙe mini da hannu biyu. Bayan mako biyu aka sa rana.

Na ari babbar riga. Na rubuta jawabi shafi uku, na yi ta karanta wa mai ɗakina da dare har ta haddace, ina cewa "ya ku jama'a" tana ƙarasa mini daga cikin bargo.

Ranar zaman, tun daga nesa na hango taro a ƙofar sakatariya, kaina ya ƙara girma. Da na matso sai na ga kowa da buhu a naɗe a hammata. Wasu har da igiyar ɗauri. Can gefen katanga kuma ga baro shida a jere, tsaf, yarana na zaune a kai. Na ce, "Kai, wa ya ce ku zo?" Babbansu ya ce, "Oga, hayarmu aka yi. Kwasar taki. Mun ma karɓi kafin alƙalami."

A nan ya kamata in juya gida. Amma ɗan sandan ƙofa ya riga ya sara mini, ana ta "ga shi nan, ga mai rabon nan", aka tura ni har kujerar gaba.

Shugaban majalisa ya yi addu'a, ya yaba wa jama'a da wannan fitowa, ya fara karanto dokar sashe-sashe. Aka yi tsit ana jira ya iso wurin. Da ya kai sashe na huɗu bai iso ba, dattijon nan na ranar Juma'a ya miƙe: "Ranka shi daɗe, a gafarce ni. Wanga takin, kamfa na ko yuriya?" Shugaba ya ce wane taki? Ya ce wanda an ka rubuta mu. Shugaba ya dubi magatakarda, magatakarda ya dube ni, sannan idanu ɗari huɗu da wani abu suka biyo baya. Ban taɓa sanin babbar riga na da zafi haka ba.

Ba zan maimaita abin da aka faɗa mini ba, akwai yara masu karatu. Cikin minti goma zauren ya zube, ana jiyo rigima a waje, yarana sun ce ba su mayar da kuɗi tunda su dai sun kawo baro. Mutum talatin ko arba'in suka rage, rabi don fanka, rabi don su ga ƙarshena.

Aka ba ni dama na yi magana. Daga shafi uku layi biyar na iya fitarwa, cewa talaka na shan wahala, baro ba mota ba ne, a tausaya. Shugaba ya ce ko akwai mai ƙari. Sai na ji wata murya daga baya wadda ko cikin barci na san ta. Surukata. Ita ma da buhunta.

Ta ce ita daddawa take sayarwa a bakin rumfar 'yan kayan miya. Watan jiya wani yaro ya zo a guje da baro ya kifar mata da faranti, ya taka mata ƙafa, ya ɓace cikin mutane. "Da da lamba jikinai, ai da na san na wa na. Ni dai na ga hannunai kore na." Barona mai koren hannu yana nan waje, na uku daga hagu, ana hango shi ta taga.

Shugaba ya ce, "Malam, kai ka nemi zaman nan. Kana da amsa?"

Jama'a, wace amsa? Matar da shekara goma sha huɗu ban taɓa haɗa ido da ita ba, in ta shigo gida ta ƙofa ni ta katanga nake neman fita? Ban san lokacin da na tuɓe takalmi na durƙusa ba, a gaban kansiloli, cikin rigar aro. Na ce, "Inna ta yi gaskiya." Magatakarda ya rubuta. Wani mai nama ya ce lambar kaɗai ba ta isa ba, a rubuta sunan mai baron da fenti, manya-manya. Shugaba ya sake dubana. Inna ba ta zauna ba tukuna. Na ce shi ma ya yi gaskiya. Magatakarda ya rubuta.

Dokar ta wuce har da gyaran mai nama. Ni na fara yin rajista, lamba ɗaya zuwa shida nawa ne, da sunana a jiki ana karantawa daga tsallaken titi. Kuɗin daddawa na aika ta hannun mai ɗakina, aka dawo mini da saƙo cewa ban sa na faranti ba. Dattijon nan kuwa duk Juma'a sai ya tare ni a gindin darbejiya: "Honorabul, takin nan hwa?" Da ina yi masa bayani. Yanzu cewa nake yana hanya.