Haƙar da ba ta cim ma ruwa ba, wa zai biya?

Mai karanta jaridun Turanci na Najeriya ya saba da kalmar "abortive". Ɗan jarida ya kira kwamishina bai ɗauka ba, sai ya maƙala ta, daidai inda gidajen rediyonmu ke cewa "ya ci tura". Tushenta ɗaya da kalmar ɓarin ciki ta Turanci, wato abin da aka faro bai kai ko'ina ba. Shi ya sa ta zauna daram a kan yunƙurin juyin mulkin Dimka na 13 ga Fabrairun 1976: an kashe Janar Murtala, amma mulki bai koma hannun su Dimka ba.

A nan Ingila da wuya ka ji ta a bas ko a shago. A takardar lauya take fitowa. In cinikin gida ya wargaje kafin a ƙulla, lauyoyi da dama sai sun aiko da lissafin aikin da suka riga suka yi, da wannan sunan. Su a wurinsu, mutuwar aiki ba ta hana a bi kadin kuɗinsa.

Mu ma mun ga irin wannan aikin da ya ci tura. A ƙauyenmu na ƙasar Birnin Kudu, motar haƙa burtsatse ta zo bayan girbi, ta yi ta ruri yara na kewaye da ita, ƙurar dutse ta yi wa kowa fari fat. Ta tafi ba a cim ma ruwa ba. Bututun yana nan tsaye an toshe bakinsa da tsumma, akuya ake ɗaurewa a jiki. Na tambayi Kawu a waya, ya ce, "To ɗana, an haƙa, Allah bai nufa ba."

Da gero ne ruwa ya ɗauke masa yana tsaka da fitar da kai, da na ce haka ne Kawu, manomi ba shi da iko da hadari. Amma ƙasarmu dutse ne a ƙarƙashi, ruwan yana cikin tsaguwarsa, shi ya sa ake awon wuri da na'ura kafin a kafa inji. An yi awon? Mita nawa aka nutsa? Nawa ɗan kwangila ya karɓa? Tambayar nan ba ja da ƙaddara ba ce. Kansila ya kawo takardar aikin ƙofar gidan dagaci a karanta a bainar jama'a, har matan da ke sayen jarkar ruwa su ji.